Tarihin Kanta Magini, Mai Makarantar Bakin Tafki

Haihuwa da Tasowa

An haifi Kanta a garin Sarkin Yamma a shekara ta 1258 bayan Hijira (1842). Mahaifinsa Sule magini ne, sunan mahaifiyarsa Inde. An sa shi makaranta yana ɗan shekara shida, amma karatu bai zauna masa ba, har ya bar allo a izu goma. Abin da hannunsa ya taɓa kuwa, ba ya mantawa. Kafin ya kai ashirin ya ƙware a ɗaurin azara da yaɓen makuba.

Aure da Ƙaura

A 1281 ya auri Uwani, ƴar wani masunci, suka koma Madarumfa da ke bakin tafki, inda ya shahara da ginin soraye.

Ginin Makaranta

A 1309 (1891) Malam Lawali, limamin unguwarsu, ya nemi ya gina masa zauren karatu. Kanta ya tsuguna nan take, ya zana fasali a ƙasa da tsinke. Zaure a tsakiya mai tagogi ta gabas, rumfar masaƙa ta arewa, ɗakin dukanci kusa da ita, maƙera can yamma inda iska za ta tafi da hayaƙi, sai fili ta gefen tafki don buga tubali.

Malam ya ce, "Kanta, makaranta na ce, ba kasuwa ba."

Ya amsa, "Allah gafarta Malam, da a irin wannan aka sa ni, da na sauke. Wani yaron ta hannu ilmi yake shigarsa."

Dattawa suka ƙi, suna cewa ƙarar guduma za ta kori albarkar karatu, har Ɗan Azumi mai unguwa ya janye ƴaƴansa uku daga karatu wajen Malam. Malam ya yi istihara, ya amince. Aka kammala a 1311. Kanta ya bar katangar kudu ba a gama ba da gangan, domin ɗalibai su koyi gini a kanta.

Shekarar Ambaliya

A daminar 1312 tafki ya cika ya tumbatsa, ruwa ya doshi unguwa. Ɗalibai arba'in suka fito da fartanyun da suka ƙera da kansu, suka haƙa magudana, suka ɗaga ganuwar ƙasa tun daga hantsi har la'asar, Kanta na gaba yana kiran sunan kowa. Gida ko ɗaya bai faɗi ba. Washegari Ɗan Azumi ya iso da ƴaƴansa, ya ce, "A ba babbansu guduma, sauran a ba su allo tukuna."

Rasuwa

Kanta ya rasu ranar Alhamis cikin watan Rajab na 1316 (1898), bayan gajeriyar jinya. Malam Lawali ya sallace shi, aka binne shi a maƙabartar gabas da gari. Jama'a ta yi yawa har ɗalibansa suka kasa samun wurin kama makara, sai suka riƙa karɓa taku goma-goma. Ya bar matarsa Uwani da ƴaƴa huɗu: Musa, Haruna, Balaraba da Rabi. Allah Ya jiƙansa, Ya sa ƙasa ta yi masa sauƙi.