Mutumin da Ba Ya Amsa Roƙon Farko

Yayana Toktosun bai taɓa ce wa mutum "to" a roƙon farko ba. Ni da muka fito ciki ɗaya na fi kowa shan wannan hali. Ko gishiri ka ce ya miƙo maka a kan shimfiɗar abinci, sai ya ci gaba da taunarsa kamar da bango kake magana, sai ka maimaita tukuna.

Gado ya yi. Babanmu ne mai rabon ruwan noma a ƙauyenmu da ke Nookat, shekara talatin yana buɗe wa gonakin dankali da lambunan tuffa ƙofar magudana, agogo na rataye a wuyansa. Ƙa'idarsa guda ce: duk wanda ya zo neman ƙarin ruwa bayan lokacinsa ya cika, a sallame shi hannu wofi. In da gaske shukarsa na jin ƙishi zai dawo. In ya dawo, a ba shi minti goma sha biyar, kada a ƙara ko ɗaya. Da Baba ya rasu Toktosun ya karɓi makullin ƙarfen da agogon da ƙa'idar gaba ɗaya, ya riƙe su shekara goma sha biyu. Mutane suna zaginsa a bayan ido, amma gonar kowa ba ta taɓa bushewa a hannunsa ba, har ta gwauruwar da ke can ƙarshen magudana. Sai ƙanƙara ta kakkaɓe tuffa shekara biyu a jere, ya ajiye makulli ya bi sahun sauran mazan ƙauye zuwa Surgut ta ƙasar Rasha, aikin ɗaure ƙarafan gini. Ya bar matarsa Burulkan da 'yarsu tilo, Sezim.

A hunturunsa na uku da tafiya ya zo hutu da kwamfuta a kwali, wai don Sezim ta shirya jarrabawar shiga jami'a. Yarinya ta yi ta tsalle. Ni kuwa da na ga ya zauna gaban abin ya ɗora gilashinsa a kan karan hanci, na ce mata ta rage murna.

Kwana uku ya yi a cikin saitin kwamfutar nan. Mutumin da ko saƙon waya sai ya yi minti biyar yana neman harafi ɗaya, sai ga shi yana shiga lungu-lungu, yana karanta kowane layi a fili, yana rubuta abin da ya taɓa a wani ɗan littafi. Ya buɗe asusu uku. Na farko nasa ne, mai iko da komai, da kalmar sirrin da ko matarsa bai gaya wa ba. Na biyu na Sezim, ya shiga wurin da iyaye ke sa wa yara iyaka ya yanka mata awa biyu a yini, daga ƙarfe huɗu zuwa shida. Ya toshe wasanni, ya toshe shafukan da bai san sunansu ba, wato kusan dukkansu. In lokaci ya cika allo ya rufe, sai dai ta danna wani ɗan akwati ta roƙi ƙari, roƙon ya tafi kai tsaye wayarsa.

Na uku na Burulkan ne. Da ya gano cewa asusun babba na iya sassauta wa yaro, sai ya rubuta ta ita ma a cikin yara, ya sa mata shekarar haihuwar da ta maida ta 'yar shekara tara.

Na ce, "Baike," haka muke kiran yaya, "ka ji tsoron Allah. Matar da ta yi furfura a gidanka?"

Ya ce, "Ƙofa biyu a magudana ɗaya, ruwa ya tafi ke nan."

Burulkan tana murza kullu ta ce da ni, "Ƙyale shi, Auta. Ni dai tunda 'yar shekara tara ce, gobe ba tatsar saniya. Ya tashi ya tatsa."

Auta take kirana, don matar wa ba ta kama sunan dangin miji. Shi ma kansa ban taɓa jin sunansa a bakinta ba, sai "baban Sezim".

Ya koma Surgut da wayarsa, ya ci gaba da rabon ruwa daga can. Kullum ƙarfe shida allo ya rufe wa Sezim tana tsakiyar lissafi. Ta danna roƙo. Bayan ɗan lokaci amsa ta zo: an hana. Ta yi tsaki, ta buga ƙafa, ta sake dannawa. Amsa ta zo: minti goma sha biyar. Haka aka yi shekara ɗaya da rabi, ko ranar sallah bai saɓa ba. Gidana yana kallon nasu, kuma kusan kullum can nake shan shayin yamma, don haka na haddace tsakin nan. Na sha yi masa faɗa a waya a kan wannan. Na ce masa yarinya ta kai sha bakwai, karatu take yi ba rawa ba. Sai ya ce, "To, ai ta samu," ya kawo wata maganar.

Kira kuwa sau ɗaya yake yi a mako, ranar Lahadi, shi ma rabinsa tambayar saniya ne. Sai daga baya na lura da wani abu. Duk ƙarfe shida, komai Burulkan take yi, sai ta tsaya ta kasa kunne wajen ɗakin. Da ta ji tsakin Sezim sai ta ci gaba da aikinta. Wata rana ta kama ni ina kallonta, ta ce, "Ya sauko daga kan gini lafiya ke nan. In yana da ƙarfin hana mutum, lafiyarsa lau."

Ranar wata Talata cikin watan Mayu, saura mako uku jarrabawa, muna zaune a tsakar gida muna yanka irin dankali. Shida ta yi. Burulkan ta tsayar da wuƙa. Maimakon tsaki sai muka ji ihu, Sezim ta leƙo ta taga tana dariya.

"Apa! Ata ya shiryu! Dannawa ɗaya, ya ba ni awa biyu!" Apa ita ce uwa a wurinmu, Ata kuma uba.

Na yi dariya na ce ƙila sanyin Rasha ya fara narkar da shi. Burulkan ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Dannawa nawa kika ce?"

"Ɗaya, Apa. Ko numfashi ban sauke ba."

Ta koma kan dankalinta. Na ga ta yanka ɗaya gida biyu, ta sake yankawa, ta sake, har ya zama ba abin shukawa. Da yamma ta kira wayarsa, ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Can sai ga saƙo a rubuce: an kai su wani sabon gini a daji, murya ba ta fita sosai, kowa lafiya, a gaida Sezim. Ta miƙo mini na karanta. Babu kuskure ko ɗaya a ciki, har da ɗigo a ƙarshe. Yayana bai taɓa sa ɗigo a rubutu ba.

Na ce, "Jenge," haka ake kiran matar wa, "wataƙila wani ya sa ya rubuta masa. Hannunsa da siminti."

Ta ce, "Wataƙila."

Laraba awa biyu. Alhamis awa biyu. Sezim ta daina ihu, amma tana jin daɗi, tana cewa yanzu ne za ta gama littafin lissafi. Ni kuma na fara ganin abubuwan da ban so gani ba. Mijina Mamit, wanda in ya fara surutu a kan abinci sai shayi ya huce, ya koma ci shiru yana kallon kwano. Wayarsa ta yi ƙara sai ya fita bayan garke. Ranar Juma'a na bi ta gaban masallaci bayan an sauko, dattawa suna tsaye a rukuni, da suka hango ni duk suka shiga gyaran hula. Ranar Asabar na shiga rumbun kawunmu neman rariya, na tarar an sauko da sandunan tantin gashin tumaki daga rataye, an jera su a ƙasa, an goge musu ƙura. Ba biki a danginmu. Abu biyu kawai ake kafa wa wannan tanti a tsakar gida.

Na tare Mamit a bakin ƙofa na ce, "Wa ya mutu?"

Ya ce, "Wace irin magana ce wannan? Tofar da yawu."

"Dube ni ka faɗa."

Bai dube ni ba. Ya ce yana da aiki a gona, ya ɗauki shebur ya fita, alhali ranar ba ruwanmu ba ne. Na san ba zai faɗa ba ko zan yanka shi. Ba a gaya wa mace rasuwar mijinta a waya, ba a gaya mata a bakin hanya, ba a bari ta ji daga bakin ƙanwar miji. Sai gawa ta kusa gida, dattawa su taru su shigo da safe su zauna, babbansu ya faɗa da bakinsa. Kafin nan duk wadda ta ɗaga murya da kuka, ita ta kira mutuwa. Na tsani wannan al'ada a ranar, kuma na bi ta. Na wanke fuskata na tafi shan shayi gidan yayana kamar kullum.

Lahadi ta zo, kira bai zo ba. Da la'asar Burulkan ta aiki Sezim gidan ƙawarta karɓo wani littafi, ta ce kada ta yi sauri. Ta wanke hannu ta shiga ɗakin kwamfuta, ta ce in zo in nuna mata inda ake shiga. Tunda aka kawo abin ba ta taɓa buɗe asusunta ba. Hoton da ya sa mata ɗan tsako ne rawaya, a ƙasa an rubuta Burulkan. Lokacin da ya yanka mata na safe ne, don haka muna shiga allo ya rufe, akwatin roƙo ya fito.

Ta ce, "Ni ya sani. Ko ya yi wa yarinya sassauci saboda jarrabawa, ni ba zai yi mini ba. Zai ce me tsohuwa take nema a nan, ba ta da tatsa?"

Ta ɗora yatsa. Na ji tana magana ƙasa-ƙasa, na matsa. Matar da ta yi shekara ashirin da biyu tana ƙorafin mutumin da ba ya cewa "to", ita ce take cewa, "Allah ka sa ya hana. Allah ka sa ya hana ni."

Ta danna. Ko hannunta ba ta janye ba amsa ta zo. An buɗe mata har ƙarshen yini.

Allon ya washe, ga hoton tsaunuka, ga komai a buɗe. Ta daɗe tana kallonsa. Na jira ta faɗi, ko ta yi ƙara, na riga na shirya toshe mata baki. Sai ta miƙe ta gyara ɗankwalinta ta ce, "Auta, garin da ke gidan nan ba zai isa baƙi ba. Gobe ki turo mini buhu ɗaya. Kuma kada Sezim ta ga fuskarki haka."

Ranar Litinin ta kwashe itacen da ke jibge a tsakiyar gida ita kaɗai, ta maida shi bayan garke, ta share filin tas. Sezim ta tambaye ta dalili, ta ce macizai take gudu. Da shida ta yi yarinya ta danna, ta samu awa biyunta. Ta fito ta tsaya a bakin ƙofa, ta dubi filin da aka share, ta dubi uwarta, ta koma ciki. Ba mu ji ƙarar maɓalli ba har magariba.

Da safiyar Talata dattawa bakwai suka shigo, Mamit na bayansu. Sun tarar an shimfiɗa katifun zama, shayi yana kan wuta, wurin kafa tanti a share. Babbansu ya tsaya ya dubi filin, na ga gemunsa yana motsi. Burulkan ta zuba wa kowa shayi. Ta zauna ta bar tsohon ya yi doguwar shimfiɗarsa, ta duniya ba wurin zama ba ce, har ya kai inda za shi: zuciyar Toktosun ta tsaya ranar Litinin ta makon jiya, yana kan aiki, gawa tana hanya daga filin jirgin Osh. Sai a lokacin ta juya ta fuskanci bango ta saki kukan da ta riƙe kwana bakwai.

Wanda ya rako gawar Kalmurat ne, ɗan ƙauyenmu, abokin ɗakinsa a Surgut. Mutum mai taushin zuciya, irin wanda ba ya iya korar kaza daga kan shinkafa. Bayan an dawo daga maƙabarta ya zo bakin tanti ya durƙusa, ya fito da wayar yayana a naɗe cikin hankici ya miƙa wa Burulkan da hannu biyu.

Ta ce, "Kai ne kake ba mu awa biyu?"

Ya ce, "Ni ne, jenge. Dattawa sun ce in riƙe wayar, kada ku ji shiru ku tsorata. Kullum sai in ga yarinya tana roƙo. Na ce marainiya ce ba ta sani ba, da wane hannu zan hana ta?"

Burulkan ta karɓi wayar ta juya ta a tafin hannunta. Gilashin ya tsage a gefe, da sauran siminti a jikin maɓallin.

Ta ce, "Allah ya saka maka, Kalmurat, alheri ka nufa. Amma da ka hana ta ko sau ɗaya, da na yi kwana bakwai ɗin nan ina da miji."