Gyaren da Aka Ba Ajiyar Waƙa

Mai yiwuwa na rikita wasu abubuwa, don an daɗe, kuma ban cika yarda da ƙwaƙwalwata ba. Abin da na tabbatar shi ne, a gidanmu na Mai'adua, bayan Magariba, kakarmu Iya takan hura wutar kara a ƙofar ɗakinta, ta binne gyaɗa a toka, mu kewaye ta.

Dokarta ɗaya ce: in aka katse mata tatsuniya, ta koma farko. Muna kuwa da Sagir, ɗan baffana, wanda bakinsa ba ya hutawa.

Wadda ta tsaya mini a rai ta wani gyare ce, mai zama a ramin da tubali ya fita a jikin katanga. Mutanen gari suka ba shi ajiyar waƙar kiran ruwa, ya riƙe har damina. To, maƙwabtansa su ƙadangare da zanzaro kowa da gunaguninsa, duk wanda ya motsa sai gyare ya manta baiti.

"Iya, gyare yana da kunne?" in ji Sagir.

"Yana da shi, ya ma fi naka amfani. Mun koma. Ga ta nan..."

"Haba Iya!"

"Kada ku yi da ni, ga angon nawa nan. Ku ɗaure masa baki."

Haka za a yi ta yi har a kira Isha. Ban taɓa jin ƙarshenta ba.

Yanzu ina digiri na biyu, ina nazarin wasu duwatsu masu kama da lu'ulu'u, dangin waɗanda ake ƙera kayan cikin waya da su. Ƙwayoyinsu a jere suke tsaf, amma wani lokaci ɗaya takan fita, ta bar gurbi. Wata ƙwayar lantarki takan maƙale a gurbin, tana da wani irin juyi, kamar mitsitsin maganaɗisu, ana iya ɗora mata saƙo. Ana fatan, ban ce tabbas ba, a gina sabuwar irin kwamfuta da wannan. Sai dai ƙwayoyin da ke kewaye su ma suna da nasu maganaɗisun. Kafin ƙiftawar ido saƙo ya watse, a koma farko. Aikina neman yadda zai ƙara jimawa, kuma har yau lissafina bai ba ni abin kirki ba.

Ba na cewa Iya ta san wannan. Amma duk sanda saƙon ya watse muryar Sagir nake ji, kuma na fara zargin cewa riƙon amana ba aikin mai riƙon kaɗai ba ne, har da na kusa da shi.

Iya ta rasu, Allah ya jiƙanta. Na kira Sagir a Kongolam, yana tsakiyar cinikin shanu, ya ce, "Wane gyare kuma? Ba kunama ba ce?"

Yaya Hajara ta ce akwai ranar da zazzaɓi ya kwantar da shi, Iya ta kai tatsuniyar har ƙarshe. Ni ranar an tafi da ni Daura. Ita kuma wai ta manta.

Don Allah, duk wanda ya zauna a bakin wutar ran nan, ya gyara mini inda na kuskure, ya kuma faɗa mini ko ruwan ya sauka.