Malamin da Ya Rubuta "Babu"

A shekara ashirin da ɗoriya da na yi ina aikin lab, wato ɗakin gwaje-gwajen kimiyya na makaranta, ranar da ba ta taɓa fita daga raina ba ita ce wadda aka zaunar da ni gaban kwamitin iyaye saboda kwaɗi. A watan Mayu ne na 1989, a wata sakandaren gwamnati a Kafanchan. Ku da kuka shigo aikin bayanmu kun sha tambayata, shi ya sa na ce bari in rubuta muku a hankali, da ɗan rubutun da na koya a ajin yaƙi da jahilci.

Ni atanda ce a lokacin, mataki na biyu, wato na can ƙasa. Aikina wanke kwalabe, share ɗaki, zuba kananzir a risho tunda ba mu da gas, da manna suna a jikin kowace kwalba. A samana akwai malamin ilimin halittu, a samansa mataimakin shugaba, sannan firinsifal. Ina son ɗakin nan. Yana warin sifirit, kuma ta tagarsa muke jin kukan jirgin ƙasa mu san tara ta yi.

Malamin nawa sunansa Malam Istifanus, mutumin wajen Fadan Kaje. Ya yi shekara uku a makarantar Baibul, saura kaɗan ya zama fasto, sai ya ajiye ya tafi jami'a. Da ya dawo bai sake zuwa sujada ba, bai kuma musulunta ba. Ni kuwa 'yar zumuntar mata ce, abin ya dame ni. Wata rana ina goge madubin nan da ake duba ƙwayoyin cuta, na ce, "Malam, a cikin wannan ka duba ba ka ga Allah ba?"

Ya yi dariya har ya cire tabarau. "Maman Rifkatu, wannan ba ya nuna akwai, ba ya nuna babu. Wanda ya fara koya mini amfani da shi ma fada ne na Katolika. Kimiyya tana faɗa mana yadda abu yake aiki. Nawa tambayoyin daga wani waje suka zo, daga falsafa."

"Wace ce kuma ita?"

"Tunani ne da ba ya barin mutum ya huta. Na yi ta tambaya ta yaya na san abin da nake cewa na sani. Da na rasa amsa, na ga bai kamata in hau bagade ina faɗa wa mutane abin da ban tabbatar ba."

Na ce zan sa shi a addu'a. Ya ce in haɗa da kekensa, shi ma keken ya daina jin magana.

Matsalar ta faro ne daga fom. Ma'aikatar ilimi ta aiko kowa ya cike, akwai gurbin addini, Malam ya rubuta "Babu". Akawu ya gani, kafin a tashi kowa ya ji. Ku yaran yanzu ba za ku gane ba. A wajenmu idan aka ce wane ba shi da addini, ana nufin tsohon da bai shiga coci ba, bai shiga masallaci ba, yana nan a kan dodo da al'adun kakanni. Mutum iri uku muka sani. Saboda haka da aka ji "babu", sai aka ce Istifanus ya koma tsafi.

Sai jarrabawar ƙarshe ta matso. Ga yadda tsarin yake. Kafin jarrabawar gwaji, hukumar jarrabawa tana aiko ambulan a liƙe, da jerin abubuwan da za a ajiye wa ɗalibai a kan tebur. Malamin darasi ne kaɗai yake buɗewa, shi da atandansa suke nemo kayan. Idan maganar ta fita, ana iya soke sakamakon makarantar gaba ɗaya. A shekarar nan an nemi kwaɗi, gashin kaza, da ƙashin wuyan akuya. Ni na shiga kasuwa na sayi ƙashi wajen mahauta, na tsinci gashi wajen masu fige kaji, na bi bakin rafi da bokiti. Ashe ana kallona.

Ranar Laraba, saura kwana shida jarrabawa, aka kira ni da Malam ofishin firinsifal. Baba Elda Yohanna yana zaune, dattijon ikkilisiyarmu kuma shugaban kwamitin iyaye. Kusa da shi Alhaji Sale mai shagon yadi, mataimakinsa. Dukansu suna da 'ya'ya a ajin ƙarshe. A kan tebur na ga takarda an riga an buga, ta neman ma'aikata ta ɗauke Malam daga makarantar. Firinsifal ya san da ambulan, amma bakinsa a ɗaure yake kamar namu. Kuma shekara biyu ke nan da rikicin da aka yi a garin, duk maganar da ta taɓa addini kowa so yake a kashe ta da wuri.

Baba Elda ya ce, "Istifanus, ni na riƙe maka tawul ranar baftismarka. Me kake yi da kwaɗi da ƙashi a makarantar yaranmu?"

Malam ya ce, "Baba, aiki ne. Ba zan iya ƙarin bayani yanzu ba."

"Aikin wa?"

Malam ya sake cewa, "Aiki ne, Baba." Na ga firinsifal ya jawo takardar ya buɗe biro. Na san in aka sa hannu ya tafi ke nan, da sunan matsafi a bayansa, kuma babu makarantar da za ta karɓe shi a yankin nan. Kalma ɗaya za ta wanke shi, ya ƙi faɗa.

Ni ba mai magana ba ce a taro. Amma na ji bakina yana cewa, "Ranka ya daɗe, a ba ni izini." Na juya wajen Baba Elda. "Baba, ni na sayo kayan nan da hannuna. In tsafi ne, ni ma ina ciki. Ka san ni, ka san mijina, kai ka sa wa Rifkatu albarka. Ina roƙo a ajiye takardar nan sati ɗaya. In sati ya cika ba ku gamsu ba, a cire ni daga zumunta, a hana ni jibin Ubangiji."

Baba Elda ya ce, "Ɗiyata, kin san abin da kike ɗorawa a kan mutumin da ya ce babu Allah?"

Malam ya ce a hankali, "Ban ce babu ba, Baba. Na ce ni ba ni da addini."

"Kai yi mini shiru da turancinka."

Alhaji Sale ya daɗe yana kallona. Sannan ya gyara hula ya ce, "Elda, sati ɗaya ba shekara ba ne. Matar nan shekara nawa tana sayen yadi a wajena, ban taɓa jin ta rantse ba, yau ga shi ta kusa. A ajiye." Firinsifal ya rufe biro da sauri, kamar dama abin da yake jira ke nan.

Satin nan ya yi mini tsawo. Ranar Lahadi na zauna a bencinmu na mata, na ga an bar mini fili hagu da dama. Mijina ma ya rage cin abinci. A lab kuwa Malam ya ce, "Me ya kai ki? Da kin bar ni na tafi." Na ce masa ya riƙe mini murfin kwalba, kwaɗin suna neman gudu.

Ranar Talata aka yi jarrabawa lafiya. Da yamma 'yar Baba Elda ta koma gida tana ba da labari, wai an ba su kwaɗo da gashin kaza da ƙashi su zana, su faɗi amfanin kowanne. Washegari da safe sai ga Baba da Alhaji a ƙofar lab. Baba ya tsaya yana juya sandarsa. Ya ce, "Ɗiyata, na yi miki laifi. Ki yafe." Na durƙusa na ce babu kome. Alhaji ya ce shi tun a ofis ya fara ganewa, sai ya hana kansa bin zancen, don yana da yaro a ajin, bai kamata ya san sirrin jarrabawa ba.

Baba ya dubi Malam. "To, kai ba matsafi ba ne. Ba Kirista ba, ba Musulmi ba. Kai mene ne?"

"Malamin 'ya'yanku ne, Baba."

"Ba zan daina kai sunanka gaban Ubangiji ba."

"Na gode. Ku shigo ku zauna, ku hutar da ƙafarku."

Suka shiga. Sun fi awa suna gardama a kan farkon duniya, Alhaji yana raba su yana kuma ƙara wuta, ni ina wanke tire ina dariya a ciki. Takardar nan ba a taɓa sa mata hannu ba. Malam ya ƙara shekara biyar da mu kafin a yi masa canjin wurin aiki na ƙarin girma. Bai koma coci ba har muka rabu, ni ma ban fasa zuwa ba, kuma ba mu taɓa ɓata ba.

Abin da nake so ku riƙe, 'ya'yana, shi ne aikin lab aikin amana ne, kuma yawancinsa shiru ne. Za a ba ku abin da ba za ku iya faɗa wa ko mijinku ba, za a kuma zarge ku a kansa. Har yau ban gane hanyar da Malam Istifanus ya bi ba, tana kuma ba ni baƙin ciki. Amma na ga mutum ya yarda a kore shi da mugun suna don kada yaran wasu su rasa sakamakonsu. Tun daga ranar, in aka kawo mini sabon malami, nakan jira in ga yadda zai riƙe amana kafin in saurari abin da ake faɗa a kansa.