Tuta Mai Fuska Biyu a Tagarmu

Ranar Asabar, 2 ga Nuwamba 1918, wayar tangaraho ta iso gidanmu a Wisconsin da labarin an kashe ka a Faransa, Yaya Lorenz, kana da shekara ashirin da biyu.

Kai ka koya mini ɗaga hannu a aji. Da ka ji malama ta ce ba ta san muryata ba, sai ka riƙa tsayar da ni a garke ina yi wa shanu karatu. "Ƙara murya, Heddy," kake cewa, "waccan ta ƙarshen kurma ce."

Shekara biyu da suka wuce, kai ka ci gasar muhawara a garinmu, ka ce yaƙin Turai ba namu ba ne. Ni na kwafe maka jawabin. Kowa ya tafa, har fasto. A lokacin muna aika wa Kaspar safa, ɗan yayar Mama da ke sojan Jamus, ba wanda ya ga laifinmu. Sannan Jamus ta nutsar da jiragen ruwan ƙasarmu, muka shiga yaƙin, aka daina koyar da Jamusanci a makaranta, mutanen da suka tafa maka su ne suka raka ka tasha da ganguna. Na tambaye ka wanne ne gaskiya, jawabin ko kakin sojan da ka sa. Ka ja mini kitso ka ce, "Sarkin tambaya, bari in je in gano miki."

Kwana shida bayan labarinka, wasiƙa ta zo ta Suwizalan: Kaspar ma ya mutu, a Faransa.

Ka san tutar tagarmu mai shuɗin tauraro, alamar muna da soja. Idan ya mutu, ana rufe shuɗin da na zinariya. Mama ta miƙo mini allura ta ce, "Ɗinka biyu, har da na Kaspar." Baba ya ce, "Kina so a shafe mana gida da fentin maciya amana?" Dukansu suka zuba mini ido, ni kuwa ban san wanda ya fi gaskiya ba.

Na ɗinka naka yana kallon titi. Na Kaspar yana bayan ƙyallen, yana kallon Mama. Zare ɗaya ya ratsa su. Ban sani ba ko za ka yi fushi.

Allah ya ji ƙanka, Yaya, ya ji ƙan Kaspar. Ya ba Mama da Baba haƙuri, da Goggo Liese mahaifiyar Kaspar, wadda ba mu da hanyar yi mata gaisuwa.

Ƙanwarka,
Hedwig Rademacher