Armaya'u da Hausar da Ya Kawo daga Bakin Kwara

Armaya'u mutumin Ruma ne. An haife shi lokacin da Katsina ke biyayya ga Sarkin Musulmi na Sakkwato, tun Turawa ba su san hanyar ƙasar nan ba. Ubansa manomi ne, uwarsa Uwani kuwa daddawa take yi. Yana da yaya ɗaya mace, Hansai, wadda ta yi ta goyonsa har ƙafafunsa suka fara taɓa mata gwiwa.

Bai isa azumi ba aka sace shi. An tura shi korar birai a gonar dawa can bakin daji, mahara suka ɓullo a kan dawakai, ɗaya ya sunkuyo ya sure shi. Daga nan sai hannu zuwa hannu, kullum ana yin kudu da shi, har ya tsinci kansa a Lokoja, bakin Kwara, inda jiragen ruwan Turawa 'yan kasuwa ke tsayawa ɗaukar itace. Da ubangidansa na ƙarshe ya mutu, babu wanda ya neme shi, sai ya shiga aikin jirgi. Ya yi dakon itace, ya yi wankin tukwane, ya koyi iyo kamar a ruwa aka haife shi.

A jirgin nan ya tsinci Turanci da kunne, don da shi ake ba da umarni, da shi ake faɗa. Hausa kuwa sai idan ya haɗu da sojoji da 'yan dako, Nupawa da Yarbawa da wasu ƙabilu, kowa yana lanƙwasa ta yadda bakinsa ya iya. A hankali tasa ma ta lanƙwashe. Kalmomin na Hausa ne, amma a kan jerin Turanci yake ɗora su, shi kuwa bai sani ba, don babu mai gaya masa.

Furfura ta fara fito masa sa'ad da wani falke mai sayar da kanwa ya tsaya yana duban fuskarsa a kasuwa. Salmanu sunansa, mutumin Batsari.

"Bawan Allah," in ji Salmanu, "wannan tsagar taka ai ta wajenmu ce. Me ya kawo ka nan?"

Armaya'u ya ba shi labarinsa. Ranar da ayarin su Salmanu ya juya arewa, yana cikinsa.

A Ruma ya tarar gidansu ya zama gona. Wata tsohuwa ta ce masa ya nufi Zakka, can 'yar gidan take aure. Da hantsi ya isa. Aka nuna masa wasu mata suna sussukar gero a bayan gari, cikinsu akwai wata dattijuwa doguwa tana sheƙa. Ya tsaya nesa kaɗan ya yi sallama.

"Kai ne Hansai?"

Matan suka fashe da dariya. Wata ta ce, "Yau kuma Hansai ce ta zama kai?"

Ita dattijuwar ba ta yi dariya ba. Ta aje ƙwaryar, ta matso, tana duban tsagar kumatunsa.

"Ni ne naka ƙane," in ji shi. "Armaya'u. Namu uwa Uwani, mai daddawa. Yana ina?"

Hansai ta zauna daɓas a kan ƙaiƙayi. Ta kama gefen rigarsa ta riƙe da hannu biyu, kamar wani zai sake zuwa ya ɗauke shi.

"Ta rasu," ta ce. "Har ta bar duniya, in ta kwashe tuwo sai ta aje naka."

Mijinta Daudu ya ba shi ɗaki a zaure na biyu, ya yanka masa gefen gona. Ci da sha bai zama damuwa ba. Baki ne ya zama damuwa. Armaya'u yakan ce "nawa gida", "naka akuya". Mace da namiji duk "kai" ne a wurinsa, taron dattawa ma "kai". Gaisuwarsa kalma biyu ce ya wuce, alhali mutum bai gama tambayarsa kwanan gida da gajiya ba. In ya lura fuskoki sun canza sai ya rasa inda ya yi kuskure. Ya fara rage magana, har ya zamana daga gona sai ɗaki.

Hansai ce ta ƙi yarda da wannan. Kowace la'asar takan shimfiɗa tabarma a gindin ɗorawar tsakar gida, ta zube gyaɗa a tsakaninsu, su yi ta ɓara.

"Wannan mece ce?" ta nuna kaza.

"Naka kaza, Yaya."

"Kazarki. Ce kazarki."

"Kazarki."

"To ko kai fa! Wai su mutanen naka ba su san mace ba ne?"

Ya yi murmushi, ya ce sun sani. Amma in suna magana da mutum, kalma ɗaya gare su, "yu". Namiji "yu", mace "yu", sarki "yu", jama'a guda ma "yu". Kuma in abu nasu ne, sai su fara faɗin mai shi kafin su faɗi abin. Kalmar da suke cewa "nawa" da ita kuwa ita ce "mai".

Hansai ta tsaya da ɓara. "Mai? To ashe in Bature ya ce mai gida, nufinsa gidan nasa ne?"

"Kusan haka."

"Lalle mu yi hankali da su."

Dariyar da ya yi ranar ita ce ta farko da aka ji daga bakinsa a Zakka, har Daudu ya leƙo daga zaure.

Koyon bai zo da sauƙi ba. Yau ya gyara, gobe ya koma. In yana cikin natsuwa maganarsa takan miƙe, in ya yi sauri ko ransa ya ɓaci sai ta karkace. Hansai ba ta taɓa gyara masa a gaban mutane ba, sai sun zauna su biyu. Jefi-jefi ma takan bar shi ya yi ta zuba da karkatacciyar Hausarsa, yana ba ta labarin ruwan da ba a hango ɗaya gaɓarsa, ita kuwa tana kallon bakinsa kawai.

Da damina ta sauka, rafin da ke tsakanin gari da gonaki ya kawo ruwa, mutane suka tsaya cirko-cirko a gaɓa. Armaya'u ya samo manyan goruna ya ɗaure su, ya tuɓe riga ya shiga. Ya riƙa haye da mutane ɗaya bayan ɗaya, da kayansu a ka. Tun daga shekarar fito ya zama aikinsa, kuma a bakin ruwa babu mai damuwa da yadda ya jera magana.

Ana nan sai labari ya zo cewa Turawa sun ci Kano. Tsoro ya shiga gari. Wasu suka fara raɗa cewa mutumin nan mai baƙon harshe ɗan leƙen asirinsu ne, aiko shi aka yi. Maganar ta yi ƙarfi har maigari ya sa aka kira shi da rana tsaka, gaban dattawa.

Bai gama durƙusawa ba sai ga Hansai da sandarta. Ta wuce maza ta zube.

"Ranka ya daɗe, a yi mini gafara. Yaron nan gona aka tura shi aka ɗauke shi. Inda Allah ya jefa shi, abin da ya ji shi ya kama. Ni na goye shi, ni na san shi."

Maigari ya ce ta zauna, ya juya ga Armaya'u. "Kai me ka ce?"

Armaya'u ya san in ya yi sauri bakinsa zai kunyata shi. Ya jera maganar a ransa, sannan ya fito da ita a hankali.

"Ranka ya daɗe, da su nake so, da na zauna wurinsu. Tafiya mai nisa na yi don in ƙarasa kwanana kusa da yayata. Ita kaɗai ta rage mini."

Wani dattijo ya yi gyaran murya ya ce shi dai bara a bayan mutumin nan ya haye rafi, kuma bai sake shi ba. Maigari ya ce kowa ya tashi, kada ya sake jin zancen. A hanyar gida Hansai ta miƙa masa sandar ta dafa kafaɗarsa.

Da kaka ta zo, Hansai ta nema masa auren Saude, wata bazawara mai sayar da fura a bakin mashigin rafin. Ashe tuni Saude take ƙara masa nono a ƙwarya, shi bai lura ba, gari duk an lura. Aka ɗaura aure ba tare da hayaniya ba. Daga baya an zo daga Safana ana neman mai jin Turanci ya yi tafinta, ya ce a gaida su, shi ya tsufa da yawo.

Hansai ta riga shi rasuwa. Ya ci gaba da fito har gwiwoyinsa suka gaza, sannan ya koma zama a gaɓa kusa da ƙwaryar Saude, yana nuna wa masu hayewa inda ruwa ke da ƙarfi. Wata damina zazzaɓi ya kwantar da shi, bai tashi ba. Ranar jana'izarsa rafin a cike yake, duk da haka mutanen ƙetare suka haye suka zo, rigunansu a jiƙe, suka tsaya a sahu.