In Ya Yi Ƙaiƙayi, Yana Aiki

Shekara talatin da ɗaya ta yi a tagar ba da magani ta asibiti, har sunanta ya ɓace, kowa sai Baaba Ɗaci. Bakinta ne ya ja mata. Ka kuskura ka ce ka ajiye sauran maganinka don ka ji sauƙi, sai ta wanke ka tas a gaban layi.

Kulorokwin kuwa ta san shi kamar yunwar cikinta. Takan ce ƙwayar cutar zazzaɓin sauro jini take ci, dattin da ya rage mai guba sai ta daskarar da shi. Maganin ya hana ta daskararwa, ta mutu cikin ƙazantarta. To, ƙwayoyin cutar na yanzu sun koyi tofar da maganin. Ta faɗa har muryarta ta dushe.

Wata safiya aka aiko mata cewa yayanta, wanda kafinta ne, kwanansa biyar a kwance. Ta same shi kan tabarma a bayan shago, idanu rawaya, yana ta susar hannu har da jini. Ga kwalin kulorokwin kusa da guduma.

"Yaya, ƙanwarka ce ke ba mutane magani, kai kuma ka kwanta kana haɗiyar wannan tsohon banza? Kashe kanka za ka yi?"

"Bar faɗa, Auta," in ji shi, murya can ƙasa. "Yana min ƙaiƙayi ai."

"Ƙaiƙayin me! Fatarka yake damu, ita cutar ko a jikinta. Wane jahilin ne ya ce maka ƙaiƙayi waraka ne?"

"Ke ce. In ya yi ƙaiƙayi, yana aiki."

Sai ta tuna. Shekararta ta farko a tagar, ya ƙi ƙarasa maganin saboda susa, ita kuma ta ƙirƙiro masa wannan maganar don ya shanye. A lokacin ya warke. Ashe duk laccar da take yi wa layi ba ta taɓa zuwa gida ta warware masa ba.

Ta kai shi asibiti tana zagin direba, tana zagin ramukan hanya. Bai kai la'asar da rai ba.

Ranta a ɓace yake har yau, kuma yanzu ba ta da wanda za ta wanke a gaban layi, don mai laifin ita ce.