Kyanwar Inna Dije

A duk shekarun da na yi ina aikin dabbobi, ranar da ba ta taɓa fita raina ba ita ce wata Laraba a ƙarshen damina, zamanin En'e. Lokacin ina ƙaramin malamin dabbobi. Aikinmu bin rugage muna yi wa shanu allura, mu koma Kazaure mu kai rahoto ga babban malami. Kyanwa kam ba ta cikin tunaninmu ko kaɗan.

Na gama allura a wata ruga kusa da Gwiwa, ina ɗaure akwatina a keke, sai dagaci ya aiko a kira ni. Na tarar da shi a zaure, ga wata tsohuwa a gefe, Inna Dije, ta rungume kwando tana hawaye. A cikin kwandon akwai tsohuwar kyanwa, yawu na dalala daga bakinta, muƙamuƙinta ya karkace, ta rame sai ƙashi.

"Malam, kyanwar nan ta haukace," in ji dagaci. "Sa hannu a takarda mu huta."

Ƙa'idar lokacin ita ce, dabbar da ake zargi da ciwon haukan kare, malamin dabbobi ya sa hannu a kashe ta. Dagaci bai yi laifi ba, jama'arsa yake karewa. Amma Inna Dije ba ta da kowa a gida sai kyanwar nan, shekara goma sha uku tana tsare mata rumbu daga ɓeraye.

Na sunkuya kan kwandon, sai wari ya bugi hancina. Wannan warin na san shi, na ruɓaɓɓen haƙori ne. Ga kuma kumburi a ƙasan ido ɗaya.

Na ce, "Inna, tun yaushe ta fara?"

"Ya fi wata, ɗan nan. Sai ta je gun abinci, ta tauna sau ɗaya, ta yi ƙara ta gudu."

Nan zuciyata ta kwanta, don mahaukaciyar dabba ba ta kai wata tana yawu. Na tambaye ta me take ba ta.

"Abin da muke yi wa saniya in bakinta ya yi gyambo. Kanwa nake daka mata, in goga safe da yamma."

Na ce, "Haba Inna! Bakin saniya da na kyanwa ɗaya ne?" Dariya ta kusa kama ni, tausayi ya hana. Kanwar ce ta saɓule mata dasashi, yawun ya ninku.

Na juya ga dagaci na ce, "Ranka ya daɗe, ba zan sa hannu ba. A ba ni kwana goma, a bar ta a kwando. In ta mutu a ciki, ni na yi kuskure, a kai ƙarata Kazaure."

Ya dube ni sama da ƙasa. "Saboda kyanwa za ka sa aikinka a gaba?" Na ce na ji na gani.

Na naɗe ta a buhu sai kai kawai a waje, na sa safar hannu, na buɗe bakin. Haƙori biyu na baya suna lilo, mugunya a gindinsu. Ko ƙarfi ban sa ba, da hantsaki na zare su. Na wanke wurin da ruwan ɗumi, na ce a daina kanwa, a riƙa daka mata dafaffen nama da romo.

Babban malami ya yi min faɗa sosai da ya karanta rahotona, sannan ya ce in koma in gani da idona. Da kwana goma suka cika na koma. A gaban dagaci aka buɗe kwando, kyanwa ta fito ta cinye namanta tas, ta zauna tana lasar hannu. Inna Dije ta riƙe hannuna tana sa min albarka.

Tun daga ranar nake gaya wa na ƙasa da ni abu biyu: tsohuwar kyanwa in ta ƙi abinci tana yawu, a fara duba bakinta, kuma a tambayi mai dabba me ya riga ya yi mata, don mutanenmu ba sa zuwa sai sun gwada nasu. Takardar nan da ban sa wa hannu ba, har yau tana cikin akwatina.